Harsashin da Babu Shi a Badun

Baba Raufu maƙeri ba ya ƙera wa kowa bindiga sai an kawo masa harsashin da za ta ci. Haka ya gada, haka yake yi, kuma duk maharbin da ke tsakanin Moniya da ƙauyukan Akinyele ya san da zancen. Zai karɓi harsashin ya juya shi a tafin hannu, ya auna, sannan ya gina bindigar a kansa. In mai kauri ka kawo, mai kauri za ta ci har ta tsufa. In siriri ka kawo, to ita da siriri ke nan, babu saki babu yaji.

Shi ya sa ranar da Malam Maharazu ya fito daga Sabo, unguwar Hausawan Badun, da autansa Mu'az za su wurin maƙerin a Moniya, harsashi biyu ne a jikinsa, ɗaya a aljihun dama ɗaya a na hagu. Tun daga shataletalen Mokola har suka sauka daga 'yar tasin nan ta Badun da ake cusa mutum biyu a kujerar gaba, bai yanke wanda zai fitar ba. Gwiwarsa tana zugi, direba yana zagin wani ɗan acaba, Mu'az yana taya shi da Yarbanci, shi kuwa Malam lumshe ido kawai ya yi.

Mutum ne da ya ba sittin baya. Ƙuruciyarsa duk a fataucin goro ta ƙare, yana kutsawa ƙauyukan Yarbawa da ƙafa yana tara kwanduna, kuma a wurin manoman goron ya koyi harbi. Yanzu ya bar wa yara kasuwa. Abin da ya rage masa 'yar gona ce a Akinyele da wani tsohon abokin ciniki ya ba shi aro, masara da rogo, rabi nasa rabi na gyazbi, wannan ƙaton ɓeran dajin da ke yanke kara kamar da lauje.

Shi kuma Mu'az, kai, Mu'az! Haifaffen Sabo ne, ashirin da 'yan kai, Yarbanci a bakinsa ya fi na masu shi zaƙi. Ya gama sakandare. Ya taɓa gyaran waya a Mokola, ya taɓa acaba, ya taɓa lodin albasa a Bodija, kuma duk inda ya baro da faɗa ya baro. Ba mugu ba ne, Allah ya sani. In ya ga tsohuwa da kaya sai ya kai mata har ƙofar gida. Zuciya ce kawai a kusa, kafin ka rufe baki ya riga ya shaƙe maka wuyan riga. Malam ya gaji da zuwa ba da haƙuri. Ya bayar da Hausa, ya bayar da Yarbanci, ya bayar da guntun Turancin da bai iya ba, har tabarmar zauren mai unguwa ta san zamansa.

Wuri ɗaya ne yaron yake zama mutum, wato daji. Da danƙo ya fara tun yana ƙarami yana bin uban gona, kuma zai iya tsugunno a gindin kara har rana ta juya bai motsa ba. Ranar da ya ce yana son bindigar kansa, uwarsa Haulatu sai da ta ajiye muciya.

"Malam, yaron da ba ya iya riƙe hannunsa shi za ka miƙa wa wuta?"

"In ban ba shi ba, wani zai ba shi," in ji Malam. "Shi kuma wancan ba zai yi shawara da ke ba."

Gaskiya ya faɗa, ita ma ta sani. Aka sha zirga-zirgar neman lasisi wadda ta cinye ragowar gwiwar Malam, sannan aka zo ga ranar maƙeri. Abu ɗaya tak Malam yake roƙon Allah in ya kai goshi ƙasa: ya rufe ido ya bar yaron nan da gaɓoɓinsa cikakku, babu jinin kowa a wuyansa.

Na aljihun dama jan harsashi ne mai kauri, wanda ake kira lamba sha biyu. Shi kowa ke harbi da shi a ƙasar Yarbawa, duk shagon da ke da izinin sayarwa akwai shi. Na hagu kuwa lamba sha shida ne, ya fi siriri, irin na ƙasashen renon Faransa. Malam ya riƙa samun sa ne a zamanin da fataken Parakou ke sauka a Sabo, don tsohuwar bindigarsa shi take ci. Bindigar ta mutu tuni, fataken sun daina zuwa, ragowar harsashin na nan a gwangwanin madara a ƙasan akwatinsa, nannaɗe da tsumma. A duk faɗin Badun, gwangwanin nan ne kaɗai kasuwarsa.

Baba Raufu ya tarbe su da murna, don shi da Malam sun daɗe da sanin juna. Ya sa Mu'az ya tsaya, ya auna shi da igiya daga lanƙwasar hannu zuwa yatsa, ya ba shi sanda ya ce ya ɗaga kamar zai yi harbi, ya zagaya shi yana gyaɗa kai. Daga nan ya tura shi bayan maƙera ya zaɓi itacen ƙota. Da yaron ya ba da baya, tsohon ya miƙo wa Malam tafin hannu.

Malam ya sa hannu a aljihun hagu.

Maƙerin ya kawo harsashin kusa da ido, ya kai shi nesa, ya ƙara dawo da shi. "Alaji," ya ce da Yarbanci, don shi Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba, "wannan daga wane kabari ka tono shi?"

"Kafaɗarsa ba ta yi ƙwari ba. Sha biyu duka take yi."

Baba Raufu ya leƙa waje. A daidai lokacin Mu'az ya saɓo wani gungumen da mutum biyu suke nishi a kansa, yana tafe yana waƙa.

"Wannan kafaɗar?"

Malam ya kau da kai.

"Ranar da naka ya ƙare fa? Ko Legas ka je ba za ka samu ba."

"In ya ƙare ya ƙare."

Maƙerin ya daɗe yana kallonsa. Can ya jefa harsashin a cikin 'yar ƙwaryar awo, ya goge hannu a cinya. "Ni ma ina da 'ya'ya maza," ya ce.

Bindigar ta iso da farkon damina, kuma wallahi ta yi kyau. Mai baki ɗaya ce, ƙotar ja-ja-wur tana sheƙi, in Mu'az ya ɗaga ta sai ta kwanta a kafaɗarsa kamar da ita aka haife shi. Ya durƙusa a tsakar gida ya yi godiya har sai da Haulatu ta kau da kai tana share ido da bakin zane.

Aka shiga tsarin Asabar. Bayan sallar asuba Malam ya buɗe akwati, ya ɗebi 'yan kaɗan daga gwangwani, ya kulle, ya rataya makulli a wuya. Mu'az ya goya shi a babur ɗin aro su nufi Akinyele. A gona ma ba a hannu yake zuba masa ba, ɗaya-ɗaya yake miƙawa, sai kwanson wancan ya dawo sannan wani ya fito. Yaron bai taɓa yin ƙorafi ba. Ya ɗauka haka ake koyarwa. Ganin abin da wuya sai ya koyi rowa, ba ya jan kunama sai ya tabbata. Ya yi bisimilla, ƙara ta tashi, ya ruga da wuƙa ya yanka kafin rai ya fita. Gyazbi, makwarwa, wani lokaci gada. Tukunyar Haulatu ta canja ƙamshi, maƙwabta suka fara shigowa aron gishirin da suke da shi.

In rana ta yi zafi sai su zauna a gindin bishiyar kashu su gasa masara. A nan ne Mu'az yake tambaya: yaya ake gane goron da zai jure hanya, yaya Sabo take kafin a yi benaye, da gaske ne Baba ya taɓa kwana a kan bishiya saboda ɓauna. Malam ya riƙa ba da labari yana ƙara gishiri, yaron yana dariya har da riƙe ciki. Rabon da su zauna haka ba maganar laifi a tsakani, Malam ya manta. Ya ji daɗin Asabar ɗin nan fiye da yadda zai iya faɗa, har ya zama tun daga Laraba yake fara shafa wa gwiwa man zafi don kada ta ba shi kunya.

Wata Asabar wani mai fasar giyar kwakwa ya tare su a hanya a buge, ya ce sun taka masa tarko, ya ɗora da zagin uwa da uba. Bindiga tana hannun Mu'az, da harsashi a ciki. Yaron ya karya bindigar, ya zare harsashin, ya miƙa wa ubansa, ya jingina ta a bishiya, sannan ya naɗe hannun riga ya je ya wanke mutumin tas da Yarbanci har sai da ya nemi hanya. Da ya dawo yana huci ya ce, "Baba, ku ba ni kayana." Wani uban da ya ga haka sai ya saki jiki. Malam ya gani, ya ji daɗi, ya kuma ba Haulatu labari da alfahari, amma makulli bai bar wuyansa ba.

Gwangwani dai ba rijiya ba ne. Da damina ta yi nisa ya fara ƙara in an girgiza shi. Mu'az ya lura, sai ya ƙudurta zai yi wa ubansa abin kirki. Ya koma lodin albasa a Bodija, ya haɗiye duk wata baƙar magana, ya tara abin da ya tara, ya ɗauki lasisinsa da kwanso ɗaya ya nufi shagon masu sayar da harsashi bai gaya wa kowa ba. Shagon farko suka ce babu. Na biyu suka yi dariya suka kira juna a zo a gani. A na ƙarshe wani dattijo ya duba kwanson ya tambaye shi wa ya zaɓa masa wannan. Da ya ce ubansa ne, kuma maharbi ne tun kafin a haife shi, sai dattijon ya mayar masa da abinsa ya ce to ubansa ya san abin da yake yi.

Ya shigo gida da la'asar ya tarar da Malam a kan tabarma, ƙafa miƙe, yana murza gwiwa. Ya ajiye kwanson a gabansa a hankali.

"Baba, kun san babu shi a garin nan?"

"Sannu da zuwa ma ba za a bari a yi maka ba?"

"Kun sani?"

"Na gaya wa maƙeri, kafaɗarka..."

"Abeg, don Allah, Baba." Muryarsa ba ta tashi ba, kuma wannan ya fi tsorata Malam. "Da kafaɗar nan nake sauke buhun albasa daga tirela. Ku ce mini ba ku yarda da ni ba, ya fi."

Da Malam ya ce e, ya faɗi tsoronsa yadda yake, wataƙila da an yi ihu an huce. Amma girman kai na tsufa ba ya barin mutum. Ya ɗaure fuska ya ce shi ba a titsiye shi a gidansa, kuma wanda ya biya maƙeri shi ke da zaɓi. Mu'az ya ɗauki kwansonsa ya shige ɗaki. Haulatu tana bakin murhu ta ji komai, ta ce, "Malam, ai da ka faɗa masa." Ya ce ta ji da tuwonta.

Kamar jira take, gwiwar ta kumbura a makon. Ta kai sallah ma a zaune yake yi. Asabar ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, bindiga na rataye a ɗakin Mu'az kamar sanda. Yaron ya zo ya tsuguna ya ce gyazbi na cinye rogo, a ba shi ko kaɗan ya je shi kaɗai. Malam ya ce ya bari ƙafa ta yi sauƙi. Da ruwa ya ɗauke, maharban ƙauyen da gonar take suka aiko masa da gayyata zuwa farautarsu ta taro, abin da ba kowane ɗan Sabo ake yi wa ba. Ya sake zuwa ya tsuguna. Malam ya ce ya bari ƙafa ta yi sauƙi.

Daga nan yaron bai ƙara tambaya ba. Ya riƙa gaisuwa a kan lokaci, ya ɗebo ruwan alwala, ya tafi aiki ya dawo. Malam ya san ɗansa, wannan ladabin bai kwanta masa ba ko kaɗan.

Isiyaku mai faci ne ya fasa ƙwan, ranar Juma'a suna fitowa daga masallaci. Ya ce ya hango Mu'az a layin masu walda na bayan Mokola da wani dogon abu a buhu, ko gyara aka ba shi? Malam ya ce gyara ne. Ya dogara sanda ya koma gida, ya tarar yaron bai dawo ba, ya shiga ɗakinsa ya sauko da bindigar. Jan harsashin nan mai kauri da ya dawo da shi daga Moniya yana cikin akwati. Ya ɗauko shi, ya karya bindigar, ya ɗora shi a bakin ramin yana addu'ar ya ƙi shiga.

Ya shige sulluɓ, ko turawa bai yi ba.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. An rarake ta. Yaron ya kai wa wani mai injin ƙarfe ya faɗaɗa cikin don ta ci sha biyu, ƙarfen da aka gina don siriri yanzu ya koma kamar gwangwanin sardin. Kuma farautar taro gobe ce.

Ko abinci bai ci ba ya naɗe ta a tabarma ya nemi tasi. Yadda ya kai Moniya da ƙafar nan, shi da Allahnsa suka sani. Baba Raufu ya ɗaga bindigar ya leƙa rana ta cikinta, ya ƙwanƙwasa da farce ya saurara, sannan ya ajiye ta a ƙasa ya tura ta da ƙafa.

"Wannan ba tawa ba ce. Tawa na san muryarta."

"Za ta yi harbi?"

"Za ta yi. Tana iya yin shekara tana yi, tana iya fashewa a na farko. Ranar da ta fashe kuwa, hannun hagu take ɗauka da fuska."

"Ba ka iya yi mata wani abu kafin gobe?"

"Alaji, ƙarfen da aka cire ba ya komawa. Pele o, sannu."

A hanyar dawowa Malam ya juya abin ta kowace fuska har kansa ya yi ciwo. Ya ɓoye ta? Yaron zai ari wata a hannun abokai, wadda ba a san ma wa ya ƙera ba, kuma daga ranar ya bar gidan ke nan. Ya jefa ta a rafi? Duk ɗaya. Ya mayar da ita inda ya ɗauko. Bayan magariba da Mu'az ya kawo masa buta, ya gwada da baki.

"Na kai bindigarka wurin Raufu. Ya ce ba ta da lafiya, za ta iya fashewa."

"Raufu," in ji Mu'az. "Wanda kuka haɗa baki da shi?"

"Don Allah ka saurare ni, ɗan nan."

"Na saurare ku a kan kafaɗa, Baba." Ya ajiye butar daidai inda hannun uban zai kai, ya fita.

To, ka ji. Maganarsa ta mutu a kunnen yaron, kuma shi ya kashe ta da kansa. Malam ya zauna da buta a gaba ya ma kasa alwalar. Gajiya ce ta sauko masa gaba ɗaya, ta goro da ta hanya da ta zauren mai unguwa, har ya ji da ma a ce wani ne uban na kwana ɗaya ya huta.

Da gari ya waye Mu'az ya turo babur ya tarar da ubansa a ƙofar gida, da tsohuwar rigar daji da sanda, gwiwa ɗaure da tsumma.

"Ina za ku?"

"Inda za ka."

"Da wannan ƙafar?"

"Ita nake da ita."

Haulatu ta tsaya a bakin zaure tana kallonsu. Yaron ya yi tsaki ƙasa-ƙasa, ya karkata babur ɗin, ya taimaka masa ya hau.

Maharba sun taru a bakin ƙauye, wajen wani fako mai duwatsu, da karnukansu masu ƙararrawa a wuya. Manyansu sun san Malam, suka yi ta gaishe shi suna tsokanar sandarsa. Mu'az ya kwance buhu ya fitar da bindigar, ya zuba jajayen harsasai a jakar kugu, matasa suka kewaye shi suna yaba ƙota. Fuskarsa ta saki a karon farko cikin makonni. Malam ya ga wannan sakin fuskar ya ji tausayi ya kama shi, amma ya dogara sanda ya matso.

"Ba ni in gani."

A gaban mutane ba a musu da uba. Ya miƙa.

"Ba ni harsashi."

"Na me?"

"Ba ni dai."

Ya ba shi. Malam ya saki sanda ta faɗi, ya ɗura, ya rufe, ya gyara tsayuwa a kan lafiyayyar ƙafar. Akwai wani suri can gefe inda ba kowa. Ya ɗora ƙota a kafaɗa, ya kwantar da kumatu a kanta, hannun hagu ya riƙe daidai wurin da aka rarake.

"Baba, me za ku yi?"

"Ka ce lafiyarta lau. In ta yi wa fuskarka, ta yi wa tawa. Ni zan fara."

Mu'az ya yi 'yar dariya, ya dubi abokansa, dariyar ta tsaya a hanya. "Ku bari mana. Wasa ne wannan?"

Malam ya ja kunnen bindiga baya. Ƙarar ta fito sarai.

"Baba, ku bari! Mai injin ya ce sai an gwada ta da igiya daga nesa, ban samu na gwada ba!"

"To ga igiya ta samu."

Ya yi bisimilla, ya sa yatsa a kunama, ya rufe ido ɗaya. Da gaske yake, har zuciyarsa. Ya auna ya ga tsohon hannu da tsohuwar fuska ba su kai na yaron tsada ba. Sai surin ya ɓace daga gabansa. Mu'az ya yi tsalle ɗaya ya sha gaba, ya kifa tafin hannunsa a bakin bindigar ya rufe shi ruf.

"Cire hannunka."

"Ku sauke."

"Na ce ka cire hannunka!"

"To ku harba."

Fakon ya yi tsit, sai ƙararrawar wani kare da ke susa. Malam ya bi tsawon ƙarfen da ido, abin da ke ƙarshensa hannun autansa ne, da farcen da buhu ya fasa, a bayansa kuma ƙirji yana hawa yana sauka. Wata da watanni yana tsoron bindigar nan a hannun yaron. Ga ta yau a nasa hannun, ɗure, kunne a ɗage, yaron a bakinta. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa sani ba, ko a kan bishiyar ɓauna. Ya so ya janye yatsan, yatsan ya ƙi. Sanyin ƙashi da firgici sun ƙage shi a lanƙwashe a jikin kunama.

"Mu'az," ya ce. "Yatsana ya ƙi miƙewa."

Yaron bai ɗaga tafin hannunsa ba. Ya matso ta gefe a hankali, ya miƙa ɗaya hannun, ya dafe kunnen bindigar da babban yatsa, sannan ya saki bakin ya kama yatsan ubansa ya zare shi kamar mai cire ƙaya. Da ya raba shi da bindigar, Malam ya zauna daɓas a ƙasa.

Mu'az ya zare harsashin ya jefa a jaka. Ya taka zuwa wani dutse, ya kama bindigar ta baki da hannu biyu, ya ɗaga ya maka. Ya ƙara, ya ƙara. Ƙotar da aka auna da tsawon hannunsa ta tsage gida biyu, ƙarfen ya lanƙwashe. Babu wanda ya hana shi. Ya kwance jakar kugu ya miƙa wa na kusa da shi, ya rusuna ya ba manyan maharba haƙuri da Yarbanci mai ladabi, ya ɗauko sanda, ya ɗaga ubansa.

"Shi ke nan, Baba. Kun huta."

Suka hau babur. Sun yi nisa, hayaniyar karnuka tana raguwa a bayansu. Can Malam ya matso da baki kusa da kunnensa.

"In ƙafa ta yi sauƙi, Asabar mai zuwa sai mu leƙa rogon."

"Zan kawo ku in dawo in ɗauke ku. Ni ba ni da sauran aiki a daji."

Ba da fushi ya faɗa ba, kuma Malam ya san ba zai canja ba. A wata kwana garken makwarwa ya tashi fir daga bakin hanya, kusa har iskar fukafukansu ta taɓa su. Malam ya daki bayan yaron don ya duba. Mu'az bai ko juya kai ba.

"Ku riƙe da kyau," ya ce. "Gaba akwai ramuka."

Malam ya zagaye shi da hannu biyu. Ta saman kafaɗar yana hango hannayen a kan kan babur, yatsu cikakku, babu wanda ya ɓace. Abin da ya roƙa ke nan, an kuma ba shi. Ya kifa goshi a bayan ɗansa ya yi kuka a hankali, yadda ƙarar inji za ta rufe, har suka fito titin kwalta.